Wata Shida A Ruwanda: Labarin Wani Ɗalibi Namu

Labarin da na kawo muku a wannan wata na wata ƙasa ce mai nisa da ake kira Ruwanda. Ƙanena ne ya je can, ɗan baffana. Yana karatun noma da kiwo a jami'a, kuma kafin a ba su takardar gamawa, tilas kowane ɗalibi ya je wani wuri ya yi aiki da hannunsa. Shi rabonsa ya kai shi Ruwanda, wurin wata ƙungiya mai taimakon mutanen karkara. Ya yi wata shida. Da ya komo na zaunar da shi, ina tambaya yana amsawa, ni kuwa ina rubutawa. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Daga Yamai jirgin sama ya kai shi Addis Ababa ta ƙasar Habasha. Can ya sake wani jirgi zuwa Kigali, babban birnin Ruwanda. Tun a filin jirgi aka buɗe jakarsa ana neman leda. Kuka da yajin da uwarsa ta ƙulla masa, sai da ya juye su cikin takarda. Tun shekara ta 2008 aka hana leda a ƙasar, kuma dokar tana aiki. Duk makiyayin da ya taɓa yanka akuya ya tarar da tumbinta cike da leda, ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan doka ba.

Ruwanda ƙarama ce ƙwarai. Jahar Maraɗi kaɗai ta fi ta faɗi. Amma ƙidayar da aka yi a 2022 ta sami mutum fiye da miliyon 13 a cikinta. Uganda na arewa da ita, Tanzaniya gabas, Burundi kudu, Kwango yamma. Kamar mu, ba ta da bakin teku. Ana yi mata kirari da ƙasar tuddai dubu. Ƙanena ya ce in ka hau tudu, abin da za ka hango wani tudu ne, bayansa kuma wani. Damana biyu gare su a shekara: ɗaya daga wajen watan Satumba zuwa Disamba, ɗaya daga Maris zuwa Mayu. Suna noma ayaba, da wake, da dankali, da rogo, da dawa, da masara. Gahawa da ganyen shayi su ne na sayarwa waje.

Kada jin damana biyu ya sa ku yi musu hassada. Gonar magidanci ba ta kai ekta ɗaya ba, kuma da yawa ko rabin ekta ba su da shi. Babu gonar da ake bari ta huta. Babu dajin da za ka kora dabba ka bar ta. Daga ƙofar ɗaki shuka take farawa, har ta gangara cikin kwari.

Abin da ya faru a 1994

Mutanen Ruwanda harshensu ɗaya ne, Kinyaruwanda. A tudu ɗaya suke zaune, wuri ɗaya suke ibada, suna auren juna. Amma an san su kashi uku: Hutu, su ne mafi yawa, da Tutsi, da Tuwa waɗanda ba su da yawa. A zamanin da, an san Tutsi da shanu da sarauta, Hutu da noma, Tuwa da ginin tukwane da farauta. Jamusawa suka fara mulkin ƙasar, sannan Turawan Beljik suka karɓa daga 1916. A shekarun 1930 Turawan suka ba kowa katin shaida, aka rubuta masa a kai: kai Hutu ne, kai Tutsi ne. Abin da aka rubuta wa uba, shi ɗa zai gada. Da fari suka fifita Tutsi wajen lakwal da aikin gwamnati. Da mulkinsu ya zo ƙarewa suka juya wajen Hutu. A 1959 aka fara ƙone gidajen Tutsi, dubbai suka gudu ƙasashen maƙwabta. Ƙasar ta sami ƴancin kai a 1962 da wannan miki a jikinta.

Ƴaƴan waɗanda suka gudu suka girma a Uganda. A watan Oktoba na 1990 suka ɗauko bindiga suka shigo, suna neman komawa gida. Aka yi shekara uku ana yaƙi. A 1993 aka sa hannu kan takardar sulhu a garin Arusha na Tanzaniya, amma wasu manya na gwamnati ba su so a raba mulki ba. Suka shiga horar da samari, suna raba adduna. Akwai wani gidan rediyo mai suna RTLM, kullum yana kiɗa yana ba da dariya, a tsakiyar wasa kuma yana kiran Tutsi kyankyasai.

Ran 6 ga Afrilu 1994 da dare aka harbo jirgin shugaban ƙasa Habyarimana kusa da Kigali. Ya mutu tare da shugaban Burundi. Kafin gari ya waye an datse hanyoyi. Ana duba katin mutum, in an ga Tutsi a kashe. Hutun da ya ƙi yarda, shi ma a kashe shi. Cikin kwana wajen 100 aka kashe mutum kimanin 800,000 a lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnatin Ruwanda ta ce sun fi miliyon ɗaya. Yawancinsu ba da bindiga ba, da adda da kulki. Kuma mai kisan ba baƙo ba ne. Maƙwabci ne, wanda kuke aron fartanya, wanda ya ci abincin sunan ɗanka. Masu kisan har suna kiran abin da suke yi "aiki". Da safe a fita aiki, da marece a komo a yanka shanun mamatan a ci.

Ina so ku gane wani abu a nan. Wannan ba faɗan manomi da makiyayi ba ne a kan ɓarna ko burtali. A lokacin, yawancin Tutsi manoma ne talakawa kamar maƙwabtansu. Masu mulki ne suka shirya abin, suka sauko da shi daga sama har zuwa ga mai unguwa.

Sojan Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 2,500 suna ƙasar sa'ad da aka fara. Maimakon a ƙara su, sai aka rage su zuwa 270. Kisan bai tsaya ba sai da mayaƙan da suka shigo daga Uganda suka kama Kigali ran 4 ga Yuli. Shugabansu Paul Kagame ne, wanda ya zama shugaban ƙasa a shekara ta 2000. Hutu fiye da miliyon ɗaya suka tsere Kwango, masu laifi da marasa laifi a haɗe, kwalara ta kashe dubbai a garin Goma. Abin da ya rage a ƙasa: gwauraye, da marayu, da gonaki babu masu su, da garke babu shanu.

Aikin saniya

An tura ƙanena yankin Bugesera, kudu da Kigali, tafiyar kilometir wajen 30 zuwa garin Nyamata. Yankin ya fi sauran ƙasar zafi da ƙarancin ruwa, don haka aka ga ɗan Sahel zai fi jurewa. Aka ba shi ɗaki a gidan wani malamin lakwal, aka haɗa shi da wani saurayi tafinta. Ran farko shugabar aikin ta yi masa gargaɗi guda: kada ya kuskura ya tambayi kowa Hutu ne ko Tutsi. An cire wannan daga katin shaida bayan 1994. Yau kowa ɗan Ruwanda ne, kuma doka tana hukunta mai maganar raba jama'a.

Aikinsa na bin shanu ne gida gida. A 2006 gwamnati ta kafa wani shiri mai suna Girinka. Ma'anar kalmar: Allah ya ba ka saniya. Jama'ar ƙauye su taru su zaɓi gidan da ya fi talauci, a ba shi karsana mai ciki. Sharaɗi shi ne ya gina mata rumfa, ya shuka mata ciyawa. In ta haifi mace, a raine ta, sannan a miƙa ta ga wani matalauci. Shi ma in tasa ta haifi mace ya miƙa gaba. Kafin 2020 an raba shanu fiye da 300,000 ta wannan hanya. Ƙungiyoyin taimako da dama suna sa hannu a ciki, har da wadda ƙanena ya yi wa aiki.

Kullum da safe ya hau kabu-kabu shi da tafinta, kowa da hular ƙarfe, don can ba a hawa babur kai tsirara. In hanya ta ƙare su taka da ƙafa. A kowane gida ya duba saniya: idonta, kofatonta, hantsarta, ko akwai kaska. Ya auna madarar da aka tatsa, ya tambayi nawa yara suka sha, nawa aka sayar. Ya duba ramin taki. Ya rubuta duka cikin littafi. Gida takwas ko goma a yini, hawa da gangara. Ya ce satin farko ƙafafunsa har kumbura suka yi.

Na tambaye shi mi ya fi amfanar talaka a wurin saniyar. Na ɗauka zai ce madara. Sai ya ce: "Yaya, taki ne." Gonar da ake nomawa sau biyu kowace shekara ba hutu, ta gaji. Wanda ya sami saniya, cikin damana biyu za ka ga ayabarsa da wakensa sun bambanta da na maƙwabci. Fitsarin ma ba a zubarwa, ana yi masa hanya ya taru cikin rami. Mu a nan muna kallon kashin shanu yana bushewa a bakin rijiya, iska tana kwashewa.

Makiyayanmu da suka ji wannan labari za su ce: ai habbanaye ne. Gaskiya ne sun yi kama. A habbanayen Fulani, kana ba ɗan uwanka aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan, ya maido maka uwar. A Girinka uwar tana zama, ɗiyar ce ke tafiya gaba. Kuma su ma ba daga Turawa suka koya ba. Kyautar saniya tsohuwar al'adarsu ce. Wanda ya ba ka saniya ya zama kamar ɗan uwa, ba ka cin amanarsa. Har gaisuwar dattawansu ta shanu ce: ɗaya ya ce "amashyo", wato Allah ya ba ka garke, ɗayan ya amsa da fatan garken ya zama na mata. A garin Nyanza, inda fadar sarakunan da take, ana kiwon wasu shanu masu dogayen ƙahoni da ake kira inyambo, ana yi musu kirari kamar sarakai. Ƙanena ya ce da ya gan su sai ya tuna da jajayen shanun Bororo.

Amma ga inda aka rabu da mu. A Ruwanda dabba ba ta yawo. Saniya tana cikin rumfa dare da rana, kai ne za ka yanko ciyawa ka kawo mata, ka ɗebo ruwa ka kawo mata. Kuma yawancin waɗanda ake rabawa ba irin na gida ba ne, masu jinin shanun Turai ne. Suna ba da madara da yawa, amma cinsu da shansu ya fi na namu nesa, kuma kaska kaɗan ke kayar da su. A Bugesera in rani ya yi, ciyawa ta ƙone, sai ka ga tsohuwa da jikanta suna yini neman abin da saniya za ta ci. Ƙanena ya ga gidan da saniya ta rame har ƙashin baya ya fito, don mai ita ba shi da kuɗin magani. Ya ga gidan da kyauta ta zama kaya. Ya kuma ji ana ƙorafin cewa a wasu wurare saniya ta faɗa hannun mai hali, don ya san masu rubuta sunaye. Wannan cuta mun san ta, ba sai an je Ruwanda ba. Ni a ganina, saniyar da za ka ba wanda ba shi da harawa ba shi da dusa, gara ka ba shi akuya biyu.

Maƙwabta biyu

Akwai wata mata da ƙanena ke zuwa gidanta kowane sati biyu. Ta haura shekara sittin. Saniyarta ta fi ta kowa kyau a tudun, rumfar kullum a share. Tana kiransa ɗana, tana ba shi ikibuguto, wato kindirmonsu. Sai da ya yi wata uku yana zuwa, ran nan suna gangarowa tafinta ya gaya masa labarinta. A 1994 an kashe mijinta da ƴaƴanta huɗu. Ita ta tsira cikin fadama, tana kwance cikin ruwa da laka duk yini, da dare ta fito ta nemi abin ci. Mutane da yawa a Bugesera haka suka tsira. Kuma gidan da ke ƙasa da nata, wanda suke wucewa ta ƙofarsa kullum, mai gidan yana cikin waɗanda suka yi farautar mutane a fadamar. Ya yi kaso, ya amsa laifinsa, an sake shi. Yanzu tsoho ne matalauci. Da jama'a suka taru zaɓen wanda zai karɓi ɗiyar saniyar matar, sunansa ne ya fito. Ana tambayarta, ta ce ta ji.

Yaya aka yi mai kisa ya komo gida? Bayan 1994 mutum wajen 120,000 ke tsare a kaso. Alƙalai da yawa sun mutu ko sun gudu. Aka lissafa aka ga in kotu za ta bi su ɗaya ɗaya, sai an fi shekara ɗari. Manyan da suka shirya kisan, wasunsu an kai su kotun duniya a Arusha. Sauran kuwa sai aka koma ga wata tsohuwar al'ada mai suna gacaca, kuma yadda muka rubuta ta da Hausa haka ake faɗinta. Ma'anarta gajerar ciyawa, wadda dattawa ke zama a kai su sasanta rigima. Kowane ƙauye ya zaɓi mutanen kirki daga cikinsa su zama alƙalai. Babu lauya. Sati sati jama'a su taru a fili, a kawo wanda ake tuhuma, kowa ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya faɗi gaskiya, ya nuna inda aka jefa gawa, ya roƙi gafara, a rage masa hukunci, wani kashi ya yi shi da aikin gyaran hanya ko ginin gidaje. Wanda ya ci saniya ko ya kwashe kwanon rufi, ya biya. An fara gwaji a 2002, aka bazu ko'ina a 2005, aka rufe a 2012. Kotuna fiye da 12,000 suka yi shari'a kusan miliyon 2.

Mutane da yawa ta nan suka san inda ƙasusuwan danginsu suke, suka tono su suka yi musu sutura. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma gacaca tana da nata aibi. An yi shaidar zur don ƙiyayya ko don gona. An tsoratar da shaidu, an kashe wasu. Wani ya roƙi gafara da baki kawai don a sake shi. Kuma ba a yarda a kawo ƙarar sojan da suka ci yaƙi ba, alhali su ma an zarge su da kashe fararen hula. Hutun da aka kashe wa dangi ta wannan hanya, babu filin da zai tsaya ya yi kuka.

Na tambayi ƙanena ko matar nan ta yafe. Ya ce bai taɓa jin ta ambaci sunan mutumin ba, kuma bai taɓa jin ta zage shi ba. In sun haɗu a hanyar ruwa suna gaisawa. Jikokinsu lakwal ɗaya suke zuwa. Ya ce: "Yaya, ba ta da wata gonar da za ta koma, shi ma ba shi da." Baƙi masu zuwa da na'urar ɗaukar hoto suna son su ji an ce an yafe, su ɗauki mutum biyu suna musabaha su tafi. Wanda ya zauna wata shida ya san abin ya fi haka nauyi.

Watan Afrilu ya same shi can. Kowace shekara daga ran 7 ga wata ƙasar tana shiga makoki na sati guda. Babu kiɗa, babu biki. Aka kai su cocin Nyamata, inda dubban mutane suka ɓuya suna tsammanin ba za a taɓa su a ɗakin ibada ba, aka kashe su a ciki. An bar tufafinsu a kan kujeru har yau. Rufin kwano duk hujin harsashi. A bayan cocin an binne mutum fiye da 45,000. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya, tare da wasu uku. Ƙanena ya ce ya fito ya zauna ƙarƙashin itace, ran nan bai ci abinci ba. Tafinta bai shiga ba, ya jira shi a waje. Ba a haife shi ba sa'ad da abin ya faru, kuma har suka rabu bai faɗa masa dalilin ƙin shigarsa ba.

Mu ma kada mu ce abin na wasu ne. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jahar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara na Fulani. Girman abin ba ɗaya ba ne da na Ruwanda, dalilin ma ba ɗaya ba ne. Amma can ma laifin da ake zargin mutum kaɗan da shi aka ɗora wa jama'a duka. A 1994 rediyo ɗaya ya isa ya zuga ƙasa. Yau kowane saurayi yana da waya a aljihu, murya tana shigowa ba ka san mai ita ba, tana cewa ƙabila kaza ta yi kaza. A cibiyarmu ta karatun manya, Bahaushe da Bafillace da Buzu tabarma ɗaya suke zama. In irin wannan murya ta zo, ni nakan ce a kawo ta aji mu saurara tare, mu tambayi wa ya faɗa, a ina, yaushe.

Sauran abin da ya gani

Asabar ta ƙarshen kowane wata ana yin umuganda, gayyar ƙasa baki ɗaya. Da safe kasuwa a rufe, mota ba ta tafiya, kowane baligi ya fito da fartanya. A gyara hanya, a yashe magudanar ruwa, a gina wa gwauruwa ɗaki. Wanda ya ƙi fitowa ana iya cin sa tara. Bayan aiki a zauna a tattauna matsalar unguwa. Tuddai kuwa an yanka su hawa hawa kamar matakala, don ruwa kada ya kwashe ƙasa. Mutanen Keita da na Adar, waɗanda suka jera duwatsu suka haƙa rabin wata tun shekarun 1980, za su gane wannan aiki da gani ɗaya. Daga 2009 zuwa 2013 an auna gonaki fiye da miliyon 10, aka ba masu su takarda, kuma ana rubuta sunan miji da na mata tare. Tun 1999 doka ta ba ɗiya mace gadon gona daidai da namiji. A majalisar dokokinsu mata sun fi maza yawa.

Tsabta da tsari, babu gardama. Amma ƙanena ya lura mutane ba sa sakin baki. In ka tambayi manomi ra'ayinsa kan wani umurni, sai ya duba hagu da dama ya ce yana da kyau. A wasu wurare hukuma ke faɗa wa manoma abin da za su shuka, kowa masara ko kowa wake, ko da mutum ya fi son dawarsa. A zaɓen 2024 an ce shugaba ya sami ƙuri'a 99 cikin 100. Kuma wutar 1994 ba ta mutu duka ba, ta tsallaka gabashin Kwango. A watan Janairu na 2025 ƴan tawayen M23 suka kama Goma. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce sojan Ruwanda na taimaka musu.

Game da aikin taimako shi kansa, ya ce ya ga iri biyu. Akwai masu zuwa da babbar mota daga birni, su yi awa ɗaya, su ƙirga shanu, su koma su rubuta rahoto. A rahoto saniya ramammiya da mai ƙiba duk ɗaya ne, kowace lamba ɗaya ce. Akwai kuma malamin dabbobi na ƙauye, mai keke da jakar magani, wanda ake tayarwa tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Albashinsa bai kai kuɗin man motar nan ba. Ƙanena ya ce abin da ya koya wurin mutumin cikin wata shida ya fi na shekara guda a aji. Shi kuma ya nuna musu abin da ya sani daga gida: yadda muke ɗaure harawar wake mu ɗora bisa itace ko rufin ɗaki tun da kaka, mu ajiye don rani. Gidaje shida suka gwada kafin ya taso.

Ran Juma'a in ya sami dama yakan shiga Kigali, unguwar Nyamirambo, inda Musulmi suka fi yawa. Musulmi kaɗan ne a ƙasar, amma ana ganin girmansu, don a 1994 da yawa cikinsu sun ɓoye maƙwabta ba su miƙa su ba. Bayan salla ya shiga shagon madara. Can birni akwai shaguna da ba a sayar da kome sai madara da kindirmo, manyan mutane su zauna su sha kofi guda su tashi. Abincin yau da kullum wake ne da dafaffiyar ayaba, ba yaji. Yajin uwarsa bai kai wata biyu ba ya ƙare, don mutanen gidan da ya sauka sun ɗanɗana. Fura kuwa sai a mafarki.

Sa'ad da ya zo tahowa, saniyar matar nan ta kusa haihuwa. Tsohon da ke ƙasa da gidanta ya riga ya kafa rumfa, ya shuka ciyawa a bakin gonarsa yana jira. Ƙanena ya je sallama, matar ta ba shi wake cikin ƙaramin kwando ta ce ya kai wa uwarsa. Bayan ya komo da sati uku tafinta ya kira shi a waya. Saniya ta haihu lafiya, amma namiji ne. Don haka bashin karsana yana nan a kan matar, rumfar tsohon kuma babu kome a ciki tukuna.